Taku Tara da Jan Ƙarfe

A zamanin da tsibirin Ingila yake a rarrabe, kowane kogi da nasa sarki, masu ba da labari sun ce an yi wata masarauta a gaɓar gabas mai suna Estmara, sarkinta kuwa Ordmar. Su mutanen can suna da sunayen sarautunsu masu karya harshe. Ni dai zan kira su da namu, Waziri da Sarkin Yaƙi da Barde, don kada mu ɓata lokaci wajen tauna baƙaƙe.

Shekara goma sha tara Ordmar ya yi a kan gado, kuma a faɗi gaskiya ba ragon sarki ba ne. Ya gina ganuwa, ya gyara gadoji, ɓarawo ba ya kwana biyu a ƙasarsa. Ciwonsa ɗaya ne, zargi. Yana saurayi aka kashe wansa, sarkin da ya gada, a wajen farauta, kuma wanda ya soke shi shi ne mai riƙe masa linzami. Tun daga ranar Ordmar bai ƙara zama ya ba ƙofa baya ba. Ko coci zai shiga da sulke a ƙarƙashin rigarsa. Abinci sai wani ya ɗanɗana, shi ma mai ɗanɗanawar akwai wanda ke bin sawunsa. In ka yi dariya a gabansa ya ce me ka sani, in ka ɗaure fuska ya ce me kake ƙullawa. Kai, zama da Ordmar aiki ne ja.

Mutum ɗaya ne wannan ciwo bai taɓa shafa ba, Wulgat, Sarkin Yaƙi. Uwar Wulgat ce ta shayar da Ordmar, nono ɗaya suka sha, kuma Wulgat ya girme shi da wata huɗu. A gaban jama'a sarki na ce masa Sarkin Yaƙi, in sun keɓe kuwa sai ya ce Yaya. Shi aka damƙa wa tsaron Mashigin Welna, inda kogi ke haɗuwa da teku, kuma nan ce ƙofa ɗaya tak da Danawa, maharan ƙetaren teku, za su bi su isa Kelsted, birnin sarki. Shekara goma sha biyu Danawa na zuwa da dogayen jiragensu, shekara goma sha biyu Wulgat na mai da su. Ba shi da iya magana, ba shi da fara'a, amma yardar da sarki ya yi da shi ita ce abin da ya fi so a duniya, ya fi son ta a kan gonakinsa da dawakinsa.

Abin ya fara lalacewa ne a kan tsuntsu. Wata rana da bazara aka fita farauta, sarki ya saki shahonsa, shaho ya yi shawagi ya dawo, maimakon ya sauka a hannun ubangijinsa sai ya sauka a hannun Wulgat. Fadawa suka yi dariya. Wulgat ma ya yi, ya miƙa tsuntsun. Sarki ya karɓa, amma Wulgat ya ga yadda ya daɗe yana kallon hannun nan nasa na dama. Washegari aka ce shahon ya mutu.

Da kaka ta yi, masunta suka kawo labarin jirage arba'in sun tsaya a wani tsibiri kusa da bakin Welna, jagoransu Ketil, wanda Wulgat ya taɓa tsinke wa kunne. Wulgat na cikin jera mutanensa sai ga manzo daga fada, wai sarki na kiransa majalisa yanzu-yanzu. Ya bar Bardensa, Dunna, a kan runduna, ya hau doki yana mita.

Tun daga ƙofar zauren ya sha jinin jikinsa. Hakimai talatin a zaune, babu wanda ya ɗaga kai ya amsa gaisuwarsa. Sarki na can ƙurya, bayansa a jikin bango. A gabansa, bisa teburi, ga wata munduwar azurfa mai kan maciji, irin ta Danawa.

Waziri Hunlaf ya miƙe. Dogo ne siriri, mai sanyin murya, kuma shi da Wulgat ba su taɓa shan inuwa ɗaya ba. Ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, garkuwar Estmara, magajin sarakuna bakwai. Shekaranjiya masu gadin ƙofa suka kama wani ɗan kasuwa baƙo da wannan munduwa a ɗinke cikin gefen rigarsa. Da aka matsa masa ya ce Ketil ne ya aiko shi wurin Sarkin Yaƙi, da saƙon cewa ga somin abin da aka yi alkawari, saura sai an buɗe mashigi. Ni ban ce komai ba, ranka ya daɗe. Abin da kunnena ya ji na kawo."

Wulgat ya ji zauren na juyawa da shi. Ya ce, "Ina ɗan kasuwar? A kawo shi ya faɗa a gabana."

Waziri ya ce, "An rataye shi jiya."

"An rataye shi! Wa ya ba da izini?"

"Ni," in ji Waziri. "Ɗan leƙen asiri ba ya kwana uku a Kelsted, wannan dokar sarki ce."

Wulgat ya ƙura masa ido. A ransa ya ce, to fa, ashe kai ne. Ka samo munduwa, ka samo mai baki, ka rufe bakin. Ya juya ga sarki ya durƙusa da gwiwa ɗaya, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ba mai dogon zance ba ne. Munduwa ban san ta ba. Ketil kuwa na san shi, kunnensa na hagu yana cikin taɓon Welna. Jirage arba'in na jiran iska. Ka bar ni in koma in gama da su, in na dawo ka yi mini duk shari'ar da ka ga dama."

Sai yanzu sarki ya yi magana, a hankali. "Me ya sa kake ɗokin komawa mashigi haka, Sarkin Yaƙi?"

Wallahi da mari ya yi masa da ya fi sauƙi. Wulgat ya ce to a ba shi rantsuwa. Al'adarsu ce, in an zargi babban mutum, hakimai goma sha biyu su tsaya tare da shi su rantse a kan bagaden coci cewa sun yarda da gaskiyarsa, shi ke nan magana ta mutu. Ya waiwaya ya dubi zauren. A cikin mutanen nan akwai waɗanda ya ciro daga bakin gatari, akwai waɗanda ya aurar wa 'ya'ya. Mutum huɗu suka miƙe. Sarki ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, yana gyaɗa kai kamar mai haddace fuskokinsu. Biyu suka yi tari suka koma suka zauna.

Babban Limamin coci, wani tsoho mai suna Merwal, ya ce cikin rawar murya, "In rantsuwa ba ta cika ba, saura ƙarfe."

Bari in gaya muku yadda suke wannan shari'a, don a kanta komai ya rataya. Wanda ake zargi zai shiga coci ya yi azumin kwana uku, gurasa da gishiri da ruwa kawai. Rana ta huɗu a gasa ƙarfe har ya yi ja, ya ɗauka da hannun dama ya yi taku tara, ya yar. Nan take a naɗe hannun da ƙyalle, a ɗiga kakin zuma a kan ƙullin, a buga hatimin coci. Zai zauna a cocin, sai rana ta uku in an kaɗa ƙararrawar yamma a kwance a gaban shaidu. In ciwon na da tsabta, Allah ya wanke shi. In ya yi mugunya, mai laifi ne. Wanda kuwa ya fita daga coci kafin lokaci, ko hatiminsa ya karye, ya amsa laifi da kansa, ba a ma duba hannun. Haka suka gada, kuma sun yarda da abin har zuci.

Wulgat ya ce, "Uku da uku shida. Kwana shida mashigi ba ni, ranka ya daɗe. Wanda duk ya ƙulla wannan abu, kwanakin nan yake nema, ba hannuna ba."

Waziri ya ce, "Mai gaskiya ba ya tsoron ƙarfe."

"Ban ce ina tsoro ba, Waziri. Kai ka taɓa riƙe wani abu da ya fi alƙalami zafi?"

Sarki ya ɗaga hannu, zaure ya yi tsit. Ya ce, "Mashigi nawa ne, zan tsare abina. Kai ka tsare sunanka." Ya tashi ya fita ta ƙaramar ƙofar baya, dogarai biyu a gabansa, biyu a bayansa.

Kwana uku Wulgat ya yi yana cin busasshiyar gurasa yana kallon rufin coci. Yunwa ba ta dame shi ba. Abin da ke cinsa shi ne lissafin mutane. Waziri ne shi kaɗai, ko da hakiman nan biyu da suka koma suka zauna? Limami fa, me ya sa ya yi saurin ambaton ƙarfe? Har Dunna, Barden da ya raina da hannunsa, sai da ya zo masa a rai, ya ce in na faɗi wa zai gaji kujerata? Nan ya yi firgigit ya kama kansa. Ya ce a ransa, subhana, kwana uku kacal na zama Ordmar, shi kuwa shekara goma sha tara yake a haka. Tausayin sarki ya kama shi, tausayi na gaske.

Rana ta huɗu da hantsi aka hura gawayi a tsakiyar coci. Shaidu suka jeru, na sarki a dama, na Wulgat a hagu, su biyun nan da suka rage. Aka auna taku tara da ƙafarsa, aka ja layi da alli. Limami Merwal ya yi addu'a ya yayyafa ruwa, maƙeri ya ciro ƙarfen da awartaki ya aza bisa gungume. Ja wur yake, iska na rawa a kansa.

Wulgat ya dubi sarki, sarki na kallon hannunsa. Ya damƙi ƙarfen.

Ba zan ce muku bai ji ba. Taku na farko ya ji ƙaurin namansa. Na uku idonsa ya rufe. Na biyar ya ji muryar uwarsa na kiran su, shi da Ordmar, su zo su ci abinci. Na bakwai gwiwarsa ta lanƙwashe, wani a cikin shaidu ya yi salati irin nasu, Wulgat ya sake miƙewa. Na tara ya yar da ƙarfen, ƙarfen ya faɗi a kan duwatsun daɓe yana ƙara. Bai yi ihu ba, amma leɓensa na ƙasa ya tsage don cizo. Limami ya naɗe hannun da farin ƙyalle, ya ɗiga kaki, ya danna hatimi, hawaye na bin gemunsa.

Washegari da safe sarki ya zo cikin kayan yaƙi zai tafi Welna. Bai shigo ba, a bakin ƙofa ya tsaya, ya ce Limami ya duba masa hatimi. Wulgat ya taso yana layi don zazzaɓi, ya tsaya daga ciki, taku ɗaya tsakaninsa da dokin ƙofa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, abu ɗaya zan roƙe ka. Teku na janyewa daga mashigi sau biyu a yini, sai ka ga yashi shimfiɗe kamar fili. Ko me Ketil ya yi, ko ka ga suna gudu suna zubar da garkuwa, kada ka bi su ka ƙetare. In ruwan zai dawo ya fi doki gudu. Ka tsaya a gaɓarmu, su za su zo."

Sarki ya ce, "Wato in sun gudu in ƙyale su."

"Ordmar," in ji Wulgat a hankali, yadda su biyu kawai za su ji. "Ni ne fa."

Fuskar sarki ta motsa kaɗan, kamar zai ce wani abu. Sai ya gyara kwalkwalinsa ya juya. Wulgat ya tsaya yana jin ƙarar kofatai har ta ɓace, kuma ya san ya yi kuskure. Da ya sani da ya ce masa ya ƙetare.

Rana ta uku ta zo, ranar kwance hannu. Zazzaɓi ya sauka, raɗaɗin ya koma ƙaiƙayi, kuma Limami ya raɗa masa cewa wannan alama ce mai kyau. Wulgat ya fara jin daɗi a ransa. In an kaɗa ƙararrawar yamma za a kwance, kowa ya gani, a aika wa sarki, shi ke nan ya koma Yaya. Waziri Hunlaf, wanda aka bar wa riƙon gari, ya riga ya zo ya zauna da shaidunsa tun hantsi.

Rana ba ta kai tsaka ba sai ga doki a guje har bakin coci. Dunna ne, taɓo har wuya, jini a kafaɗa. Ya faɗo ciki ya zube gaban Wulgat.

"Maigida, an yi ta! Da sassafe Danawa suka fito, muka gwabza kaɗan, suka juya da gudu. Na ce wa sarki kada a bi, na ce kai ma haka kake hana mu. Da jin sunanka sai ya zare takobi ya ce a bi su. Ya ƙetare da mutum ɗari uku, ruwa ya dawo ya rufe bayansu. Yanzu suna kan Tudun Gishiri, Ketil ya kewaye su ta gefe uku, teku ta rufe na huɗu. Sauran runduna na gaɓa suna kallo, ba mai iya ƙetarewa. Ba za su kai la'asar ba."

Wulgat ya san abin da Dunna ya zo nema. Akwai wata tsohuwar hanya da masu dafa gishiri suka shimfiɗa da duwatsu a ƙarƙashin ruwa, ko teku ta cika ba ta wuce ƙirji. Ba ta miƙe ba, tana karkacewa sau bakwai, kuma taku ɗaya a gefe taɓo ne mai haɗiye mutum da dokinsa. Wulgat da kansa ya sa aka tumɓuke turakun da ke nuna ta, shekara goma da suka wuce, don kada Danawa su gane. A cikin ƙwaƙwalwarsa kawai ta rage.

Ya miƙa wa Limami hannun, ya ce, "Baba, kwance yanzu, ni kaɗai na san hanyar masu gishiri."

Limami ya ce, "Ɗana, kafin ƙararrawa ba hukuncin Allah ba ne, hukuncina ne. Ba wanda zai karɓa. Ka zana wa Dunna hanyar a ƙasa."

"Ba ta zanuwa. Da ƙafa ake jin ta."

"To a kaɗa ƙararrawar yanzu mana!" in ji Dunna.

Waziri ya miƙe, fuskarsa fara fat. Ya ce, "Rana na tsaka a kaɗa ta yamma? Sarki zai tambaya, kuma ni zai tambaya. Sarkin Yaƙi, ni shaida ne. In ka taka dokin ƙofar nan, abin da na gani zan faɗa."

Wulgat ya dube shi yana neman murna a idonsa, bai samu ba, tsoro kawai ya gani. Ya dubi hatimin da ke hannunsa, jan kaki lafiya lau ko tsaga babu. Rabin yini ya rage. Ya ɗauki wuta saboda wannan rabin yinin. In ya zauna za a wanke shi, amma wanda yake so ya ga wankin yana can zai mutu a kan tudu. Ya yi wa Dunna alama da kai, mu je.

A bakin ƙofa ya ce, "Ɗaura mini garkuwa a wannan hannun, ka ɗaure tamau. Gatari a hagu."

Da suka isa Welna rundunar da ke gaɓa ta gan shi, sai sowa ta tashi. Bai tsaya jawabi ba. Ya ce kowa ya sauka daga doki, ya kama ɗamarar na gabansa, wanda ya saki ya mutu. Ya shiga ruwa shi ne a gaba, yana laluben duwatsu da tafin ƙafa. Ruwan gishiri ya ratsa ƙyallen ya isa ciwon, ya ji kamar an sake ɗora masa ƙarfen. Mutum ɗari shida suka bi shi a layi ɗaya, ruwa har ƙirji, garkuwa a ka. A karkata ta biyar mutum uku suka zame, ba a ƙara ganinsu ba.

Danawa duk sun ba teku baya, don wa zai zo ta nan? Sai jin ƙaho suka yi a ƙeyarsu. Tirƙashi! Wulgat ya faɗa musu da gatari a hagu, yana sara a karkace kamar mai koyon faskare, amma yana sara. Garkuwar da ke damansa ta sha gatari har ta rabe biyu, kowane bugu na sauka a kan ƙunar. Mutanen Estmara suka yi ta fitowa daga ruwa kamar ba za su ƙare ba. Sahun Danawa ya karye, waɗanda suka nufi jirage taɓo ya riƙe su.

A ƙwanƙolin tudu ya sami sarki. Mutum ɗari ukun sun koma sittin. Ordmar na durƙushe da gwiwa ɗaya, kwalkwali ya faɗi, wani ƙaton Badane ya ɗaga gatari a kansa. Wulgat ya tare da guntun garkuwar, ya sare mutumin a cinya, Dunna ya ƙarasa shi. Sarki ya ɗago, jini na bin goshinsa, ya ce, "Yaya!"

Wulgat ya ji kalmar har cikin ƙashinsa. Ya ce a ransa, ko yanzu na mutu an biya ni.

Kafin la'asar an gama. Ruwa ya janye, aka ƙetaro gaɓa, aka kafa wa sarki kujera a kan yashi, bayansa a jikin wani kifaffen kwale-kwale. Waziri da Limami sun iso da mutanen gari. Mayaƙa kuwa sai kiran suna ɗaya suke, Wulgat, Wulgat, suna buga masu a kan garkuwa. Wulgat ya ga sarki na sauraron kiran nan, yana bin masu yi da ido. Gabansa ya faɗi.

Aka kawo Ketil a ɗaure, gajere mai jan gemu da kunne ɗaya. Ya iya harshensu. Da ya ga ƙyallen da ke hannun Wulgat sai ya fashe da dariya, ya ce, "Sarkin Estmara, tunda kashe ni za ka yi, bari in ba ka labari. Wannan mutum bai taɓa karɓar ko allura daga hannuna ba. Na san shari'arku ta ƙarfe, na san halinka, duk teku an sani. Na ba wani wawa munduwa na ce ya bi ta ƙofar da aka fi bincike. Wazirinka ya haɗiye, kai ma ka haɗiye. Kwana shida na saya, kuma da bai karya dokarku ba da yanzu ina shan giya a zaurenka."

Waziri ya dafe kai ya zauna a kan yashi. Wulgat ya dube shi, kunya ta kama shi, ashe mutumin ba maci amana ba ne, mai ƙwazon banza ne kawai. Limami ya ɗaga hannu sama ya ce, "Allah ya yi magana ta bakin maƙiyi!"

Sarki ya ce, "Maƙiyi ne ya yi magana." Ya karkata kai yana kallon Ketil. "Mutum zai mutu, kuma abin da ya dame shi shi ne ya wanke wanda ya kama shi. Wannan wace irin ƙauna ce? Kuma ga hanya a ƙarƙashin ruwa, a ƙasata, shekara goma, ban san da ita ba. Waziri, ya fita kafin ƙararrawa?"

Waziri ya ce da ƙyar, "Ya fita, ranka ya daɗe, amma..."

"Sarkin Yaƙi, ina hatimi?"

Wulgat ya ɗaga hannun. Ƙyallen ya yi baƙi da taɓo da jini. Inda kakin yake, zare ne kawai ke lilo.

Sarki ya ce, "Doka ta ce ka amsa laifi. Amma ni mai tuna alheri ne, ba zan manta da yau ba. Zan ba ka abin da ba a taɓa ba kowa ba. Ka koma coci a sake daga farko." Ya nuna da haɓa. "Kana da hagu."

Wulgat ya daɗe yana kallon mutumin da suka sha nono ɗaya. Fushi bai zo masa ba, gajiya ce ta zo. Ya gane ko hannu goma gare shi ya ƙona su duka, Ordmar zai tambayi na sha ɗaya.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, hannun dama na ba ka don ka yarda da ni. Hagu ita ta sare wanda ya ɗaga gatari a kanka ɗazu. Ita kam zan riƙe abata."

Ya kama bakin ƙyallen da haƙori ya fara warwarewa. Daidai nan iska ta kawo ƙarar ƙararrawar yamma daga Kelsted, can nesa, siririya. Ƙyallen ya faɗi. Ya buɗe tafin ya ɗaga. Ƙuna ce mummuna, ta tsage ta yi jini saboda bugu, amma naman ja ne mai tsabta, babu mugunya, babu wari. Limami ya gani ya fashe da kuka. Dunna ya gani, hakimai suka gani, mayaƙa suka yi ta turereniya suna leƙe.

Wulgat ya matsa har gaban kujera ya ce, "Duba, Ordmar."

Sarki ya kau da kai yana kallon teku. Ya ce, "Hannun da hatiminsa ya karye ba a dubawa. Ka ƙi ƙarfe, to kwana uku na ba ka ka bar Estmara. Bayan nan duk wanda ya gan ka, jininka ya halatta."

Wulgat ya tsaya da hannu a miƙe. Sannan ya sauke, ya ajiye gatarin a gaban sarki, ya yi gaisuwa irin ta fada, ya juya ya bi gaɓa ta arewa da ƙafa. Bai kira kowa ba. Bai yi taku ashirin ba ya ji sawu a bayansa, Dunna ne. Sai wani, sai wani. Mutanen mashigi, waɗanda suka bi shi cikin ruwa, suka riƙa saɓa garkuwa suna bin sa a layi ɗaya kamar ɗazu. Can bakin teku jiragen Danawa goma sha biyu da suka tsira sun tsaya cik, ba su tafi ba.

Iska na busowa daga baya, don haka ya ji muryar sarki sarai, ta yi ƙasa, ta zama kamar ta yaro. "Waziri, kai ka gani. Yaya hannun yake?"

Waziri ya ce, "Da tsabta yake, ranka ya daɗe. Wallahi da tsabta yake."

Wulgat ya rage tafiya, yana jiran a kira shi da sunan nan ko sau ɗaya.

Sarki ya ce, "Ashe kai ma da kai aka ƙulla."

Wulgat ya share ido da bayan hannunsa na hagu, ya ci gaba da tafiya.